Raɗin Suna a Karisalpatti

Hular gashi biyu, kowace a akwatinta. Baƙin tabarau. Fararen riguna da zannuwan maza masu bakin kore da ja, launin jam'iyya. Allurar ciwon suga a cikin kula. Filas na ruwan zafi da masoro, saboda maƙogwaro. Takobin azurfa da aka ba shi kyauta a garin da muka baro, wanda za a sake ba shi kyauta a garin da za mu. Jakata.

Abin da ke cikin motar ke nan da muka bar Madurai muka kama hanyar yamma. Mutane kuma mu huɗu: ni, direba, Kawu Sokkalingam, da mahaifina a kujerar gaba, yana barci baki buɗe, sanƙonsa yana ƙyalli.

Mahaifina shi ne Ilamaran. Idan ka ji an ce Hadarin Kudu, shi ake nufi. Ya yi shekara talatin yana fim. Ya doki azzaluman masu gonaki, ya doki 'yan fasa-ƙwauri, sau ɗaya ma ya doki damisa. Daga nan ya kafa jam'iyya, ya ci kujerar majalisar jiha a mazaɓar da aka haife shi, kuma tun lokacin bai sake ta ba. Bai taɓa zama babban minista ba. Ya dai yi ministan kamun kifi na ɗan lokaci, shi da mazaɓarsa ba ta taɓa ganin teku ba.

Ni kuwa ina 'yar shekara goma sha ɗaya aka tura ni makarantar kwana a Adelaide, can ƙasar Turawa, don kada 'yan jarida su riƙa bina. Na zauna can. Na karanta aikin ruwan sha, na sami aiki, na sami ɗaki mai kallon layin dogo. Hutu na zo. An ce mini sugan Appa, wato mahaifina, ya hau, ga zaɓe ya gabato, kuma babu mai iya ƙwace alewa daga hannunsa sai jininsa.

Sai da na iso na gane ba alewa kaɗai aka kira ni in ƙwace ba. Ana gab da miƙa sunayen 'yan takara, kuma Kawu yana so a miƙa nawa a maimakon na Appa. Kawu yayan mahaifiyata ne. Da shi ne shugaban ƙungiyoyin masoyan Appa, yanzu shi ne sakataren jam'iyya. Aikin bai canza ba, ofis ne ya sami fanka.

"Yalini," in ji shi daga bayana, "wannan riga da wandon ba za su yi ba a Karisalpatti."

"Allura na zo yi, Kawu."

"Ai ma'aikatan asibitin ma sari suke ɗaurawa in za su biki."

"Jiya na ce maka a'a. Shekaranjiya ma na ce a'a."

"Uwarki ma a'a ta ce wa mutumin nan. Ga ki nan zaune."

Direba ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

Muna wuce wata gada Appa ya farka. Bai tambayi inda muke ba, ya san hanyar da ƙashin bayansa. Ya miƙo hannu baya.

"Uwata, ba ni hula."

"Wacce?"

"Ta ƙauye."

Ta birni a kwance take, da ɗan furfura a gefe, irin ta dattijon da ya san tsarin mulki. Ta ƙauye baƙa ce wuluk, da wani murɗaɗɗen gashi da ke faɗowa a goshi, kamar yadda yake a fina-finansa na farko. Ya ɗora ta, ya gyara a madubin direba, ya sa tabarau. Tsohon da ke barci ya ɓace. Ko kafaɗunsa sun ƙara faɗi.

Tun kafin mu ga garin muka ga Appa. Hotonsa na katako ne, ya kai tsawon giginya, yana nuna sama da yatsa. An ɗaɗɗaure gora a bayansa, wasu maza sun hau can ƙoli suna kwarara masa madara a ka. Madarar tana gangarowa ta hanci, ta haɓa, ta bi riga, karnuka suna jiran ta a ƙasa. A tsallaken titi kuma ga wani hoton, na Adavan. Shi ne jarumin da matasa ke yayi yanzu, mai rawa kamar ba ƙashi a jikinsa. Ya taɓa fitowa a matsayin ƙanen Appa a wani fim. Bara ya kafa tasa jam'iyyar, bana ya zo wannan mazaɓar ta Appa ya ce nan zai tsaya.

Nasa hoton ya fi namu tsawo.

"Kaɗan ne," in ji Kawu. "Kuma duk gashi ne."

Appa bai kalli tsallaken titi ba. Ya buɗe rufin mota ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa. Ganguna suka ɗauka. Aka kawo sarƙar furanni da sai da motar ɗaga kaya ta ɗaga ta. Wani tsoho ya kwanta a gaban tayarmu, sai da aka ɗauke shi kamar buhu, yana ta kiran "Shugaba! Shugaba!"

Rana ta take lokacin da muka hau dandamali. Aka ba shi takobin, ya yi mamakin ganinsa, ya zare ya ɗaga. Aka zaunar da ni a baya da filas a cinya.

Yarenmu iri biyu ne. Akwai na gida, akwai na dandamali, wanda kalmominsa suke da tsawo, suna tafe da amo kamar jirgin ƙasa. Ni na gida na sani, shi ma na 'yar shekara goma sha ɗaya. Don haka jawabin Appa rabinsa na ji. Amma na ga yadda yake yi. Ya rage murya har mutane su miƙo wuya, sai ya sake ta gaba ɗaya. "Ku da kuka ɗauke ni a kafaɗa tun ban da takalmi!" Tsofaffin mata suna share hawaye da bakin sari. Wani yana faɗin kalmomin tare da shi, don daga fim aka ciro su.

Na kuma ga wani abu. Masu kukan duk masu furfura ne. Matasan suna can gefe a kan babura, suna duba waya.

Bayan jawabi sai jarirai. Haka ake yi duk inda ya je. Mata su yi layi, a miƙa masa jariri, ya ɗaga shi sama, ya raɗa masa suna a makirufo, a buga ganga. Appa ba ya wahalar da kansa. In namiji ne, Ilamaran. In mace ce, Valliyammai, sunan mahaifiyarsa. Tun kafin a haife ni yake yin haka. A makarantar Karisalpatti, an ce, malamai sun daina kiran suna, sai dai Ilamaran mai kunne, Ilamaran na bayan famfo, Ilamaran ƙanen Ilamaran.

Ya yi Ilamaran biyu, ya yi Valliyammai ɗaya. Aka miƙo ta huɗu, wata 'yar mitsitsiya da baƙin ɗigo a kumatu saboda baki. Ya ɗaga ta, ya buɗe baki, sai tari ya sarƙe shi. Ya sake yin wani, mai ƙarfi. Ya juyo yana nuna maƙogwaro. Na taso da filas da sauri.

"Riƙe mini ita," in ji shi da ƙyar.

Ya karɓi filas, na karɓi jaririya. Ya ja da baya. Sai ga ni a inda yake tsaye, makirufo daidai bakina.

A ƙasa mutane suka turo gaba don su ga me ya sami Shugaba. Shingen gora ya fara ƙara. Wata tsohuwa ce a gaba, an matse ta da goran har idanunta sun firfito. Ban yi tunani ba. Na faɗi abin da kowa zai faɗa.

"Porumai! Porumai!"

Haƙuri ke nan. Ku yi haƙuri, ku daina turi. Amma lasifikoki suka ɗauki kalmar suka kai ta har bayan gari, ni kuma ina tsaye da jaririya a ɗage, don na ɗaga ta ne in ga tsohuwar da kyau.

Wurin ya yi tsit. Turin ma ya tsaya.

Kawu ya yi tsalle irin wanda ban san gwiwoyinsa za su iya ba, ya cafke makirufo.

"Porumai! Kun ji! Sunan yarinya Porumai! 'Yar Shugaba ta raɗa suna!"

Ganguna suka fashe. Mata suka rangaɗa guɗa. Na juya in nemi Appa. Yana tsaye garau, babu tari, babu alamarsa, yana warware wani mayafi mai ruwan zinariya. Ya yafa mini a kafaɗa, ya juya ni ga jama'a, ya share wani hawaye daga ƙarƙashin tabarau da ɗan yatsa ɗaya. Na san wannan hawayen. Na gan shi a fim fiye da sau goma.

Sai a lokacin na gane. A jam'iyyar nan, tun da aka kafa ta, mutum ɗaya ne ke raɗa wa jarirai suna. Ba Kawu ba, ba shugabannin gundumomi ba. Wanda aka miƙa wa jariri a kan dandamali, an miƙa masa komai. Kowa a filin nan ya san haka tun yana goye. Ni kaɗai ce aka kai Adelaide.

Wani daga cikin taron ya ƙwala ihu: "'Yar Hadari! Yayyafi!"

Kafin mu sauka sunan ya bi gari. Yayyafin Kudu.

Aka kai mu gidan shugaban jam'iyya na garin cin abinci. Shinkafa da naman rago a kan ganyen ayaba. Duk wanda ya wuce sai ya zuba mini ƙari, wasu su duƙa su taɓa ƙafata. Na naɗe ƙafafuna a ƙarƙashina. Wani mai fenti ya zo yana kallon fuskata ta dama da ta hagu.

"Ranki ya daɗe, a hoton, yatsa za ki nuna sama ko hannu za ki haɗa?"

"Babu hoto."

"To, hannu," in ji shi, ya tafi.

Na wanke hannu na zagaya bayan gida. Na ce wa wata mata ta nemo mini uwar jaririyar. Ba a daɗe ba ta zo. Ba ta fi shekara ashirin da biyu ba, siririya, da furen jasmin a gashi, da waya a soke a ƙugu. Jaririyar tana barci a kafaɗarta.

"Yaya, kin kira ni?"

"Yaya sunanki?"

"Valliyammai."

"Mijinki fa?"

"Ilamaran."

Na dube ta, ta dube ni. Ita ta fara dariya.

"Mu uku ne Valliyammai a gidanmu," in ji ta. "In surukata ta yi kira, duk mu yi kamar ba mu ji ba."

Na ce mata kuskure ne. Ba suna na raɗa ba. In tana so, zan sa a sanar, ta sa wa 'yarta sunan da ta ga dama.

"Na sani, Yaya. Ai ina gabanki. Da masu turi kike. Tsohuwar da aka matse ma surukar tawa ce."

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In ce me? In ce a mayar da ita Valliyammai ta huɗu?" Ta gyara wa jaririyar wuya. "Tun ina da ciki nake neman suna a waya. Na samo masu daɗi. Surukata ta ce a gidan nan Shugaba ne ke raɗa suna, ko a daina cin abincinta. Yau na zo ina kuka a zuci. Sai ga ki. Porumai. Babu mai irinsa a garin nan kaf. In na kira, mutum ɗaya zai juyo. Don Allah kada ki gyara komai."

"Shi ke nan. Ba zan gyara ba."

"Za ki zo hujin kunne?"

"Ban sani ba."

"An ce ke za ki tsaya."

"An ce."

Ta leƙa hagu da dama, ta rage murya. "Kada ki ji haushi, Yaya. Suna naki ne, amma ƙuri'a ta Adavan ce. Tawa, da ta mijina, da ta duk Ilamaran ɗin da bai kai arba'in ba. Ai Shugaba ma ya sani. Kakarmu tana son shi, mu ma muna son shi. Amma famfon unguwarmu tun ina amarya yake tari, kamar yadda Shugaba ya yi ɗazu."

Ta taɓa ƙafata kafin in janye, ta tafi.

An ba Appa ɗaki a sama don ya huta kafin gari na gaba. Na same shi zaune a bakin gado da singileti, hular tana rataye a jikin kujera. Da ya ji motsina ya tura wani abu ƙarƙashin filo. Na ɗaga filon, na ɗauke alewar, na buɗe kula.

"Ɗaga riga."

Ya ɗaga. Na yi masa allurar.

"Hannunki ya yi nauyi yau, uwata."

"Yaya tarin?"

"Na farkon bai fita da kyau ba," in ji shi. "Na biyun ne ya zauna. Kin ga yadda na dafa ƙirji? Ba a koyar da wannan yanzu."

"Da ban ce komai ba fa?"

"Da Sokkalingam ya raɗa miki Valliyammai a kunne. Amma naki ya fi. Porumai! Ni shekara nawa ina wannan aiki, ban taɓa tunanin in yi sabon suna ba."

Na zauna a kujera, na tura hular gefe.

"Appa, Adavan zai ci kujerar nan."

Bai musa ba. Ya cire tabarau. Ba kasafai nake ganin idanunsa ba. Ƙanana ne, da jaka a ƙarƙashinsu.

"Yaron nan ni na koya masa yadda ake tsayuwa a gaban kyamara," in ji shi. "A da, bayansa yake ba ta."

"Ka san zai ci."

"Sokkalingam ya sa an zagaya an tambaya. Sau biyu. Na biyun ya fi na farkon muni."

"Shi ya sa kake so in tsaya."

Ya murza gwiwa. Sannan ya ce, "Bari in gaya miki wani abu. Sau ɗaya na mutu a fim. Wani darakta ne mai karatu irin naku, ya ce labarin haka yake so. Ranar farko a Madurai mutane suka farfasa kujeru, suka yaga labulen majigi. Wani ya sha maganin ɓera, da ƙyar aka ceto shi. Sai da aka dawo da fim ɗin, aka sake ɗaukar ƙarshen, na tashi a asibiti na auri yarinyar. Mutanen nan ba su iya ganina a ƙasa ba, Yalini. Ba su saba ba."

"Su ne ba su saba ba, ko kai?"

Ya yi kamar bai ji ba.

"Ai a fim ma akwai faɗuwa," in ji shi. "Daga kan doki, daga kan bene, daga jirgin ƙasa. In an zo wurin, sai a ce in je in sha shayi. A kira wani, a sa masa rigata, ya juya wa kyamara baya, ya faɗo. Sannan in zo in kwanta a wurin, in tashi ina kakkaɓe riga. Haka ake yi. Ba wanda ya taɓa cewa ha'inci ne."

"Ni ce mai rigar ke nan."

"Ke yarinya ce. In kika faɗi, a ce farawa ce, Yayyafi ne, ruwan yana tafe. Bayan shekara biyar ki dawo ki ci. Ni in na faɗi, me za a ce?"

"A ce ka faɗi."

"Kin ji ki. Wannan bakin na Turawa."

"Su waɗanda suke faɗowar, ka san sunayensu?"

Ya ɗaga kai yana tunani da gaske. "Akwai wani Raju. Ko Ramu. Mutumin kirki. Na aika masa da keken ɗinki."

Ban ji haushi ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Tsoho ne da singileti, yana jin tsoro, kuma ya shirya mini tarko mai kyau ƙwarai, da jaririya da ganguna da komai. Ya fi yawancin fina-finansa tsari. Amma na yi tunanin shekara biyar ina ɗaga jarirai a rana, ina koyon yaren dandamali, ana zuba wa hotona madara, duk don kada a ga Ilamaran a ƙasa. Na yi tunanin ɗakina da aikina, inda in famfo ya lalace ake kirana in gyara, ba wanda ke taɓa ƙafata.

Aka yi hayaniya a matakala. Kawu ne, da wani mai sayar da sari ɗauke da ƙunshi a ka, da mai ɗaukar hoto, da mai fentin nan a bayansu.

"Yayyafi!" in ji Kawu tun daga nesa. "Kore ko ja? Mai hoto yana sauri, kafin rana ta faɗi a kai wa masu buga takarda. Shugaba, ka ce mata kore. Kore ya fi karɓar ta."

Na tashi na je bakin ƙofa.

"Kawu, ba mu minti biyar."

"Ai ba komai, a gabanmu ma..."

Na rufe ƙofar, na sa sakata. Appa yana kallona daga bakin gado.

"Sunanka za a miƙa," na ce. "Zan zauna har ranar ƙidaya, in tsaya kusa da kai mu ji sakamako tare, sannan in koma bakin aikina. Wannan faɗuwar da kanka za ka yi ta, Appa."